Malamin da Gwaggo Ta Ɗauko

"Matan Sarki Henry na Takwas nawa ne?"

"Huɗu," in ji Sa'adiya, idonta a kan labulen taga.

Hamidou ya ɗago kai daga littafin ya dube ta. Sannan ya juya shafi.

"Majalisar dokokin Birtaniya, zaure nawa gare ta?"

"Uku."

"Furen ƙasar Wales fa?"

"Zoɓo."

Gwaggo Indo, da ke kishingiɗe a doguwar kujera da ƙafarta a kan matashi, ta tuntsire da dariya har carbinta ya faɗi ƙasa.

"Ke 'yar nan, ko ni da ban shiga aji ba na san shida ne. Shida! Biyu ya saka, biyu ya sa aka sare musu kai. Kuma wai jikokinsa ne suke mana surutu a kan huɗu."

Hamidou ya yi ɗan murmushi don ladabi, amma murmushin bai kai idonsa ba. Jiya-jiyan nan Sa'adiya ta jero masa sunayen matan nan shida ba gargada, har da wadda ta riga wata mutuwa. Yau kuma wai zoɓo.

Halima Sa'adiya nas ce a wani asibiti a Birmingham, tana cikin shekararta ta biyar a can. Hutu ta ɗauka ta zo New York jinyar gwaggonta, yayar mahaifinta, da aka yi wa aikin gwiwa. A farkon watan gobe kuma jarrabawa tana jiranta a Ingila, irin wadda ake yi wa duk baƙon da yake son zama na dindindin, daga nan a ba shi fasfo. Tambayoyi ne a kan tarihinsu da mulkinsu da al'adunsu, daga yaƙin da aka yi tun kakannin kakanni har zuwa ranar da suke wasan wuta. Idan ta ci, wahalarta ta shekara biyar ta yi rana. Idan ta yi sakaci takardunta suka ƙare ba ta ci ba, sai dai ta tattara kayanta.

Da a ce iyakar abin ke nan, da da sauƙi.

Baffa Hambali, ƙanin mahaifinta, shi ya riƙe ta tun rasuwar babanta, kuma shi ne waliyyinta. Ya daɗe da yanke cewa ɗansa Rufa'i, wanda yake aikin banki a can Birmingham, shi ne mijinta. Ummanta a Kano ta amince tun kafin a gama tambayarta. Ita kuwa Sa'adiya, baiwar Allah, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Duk sanda aka tayar da maganar sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Baffa, a bari in gama da jarrabawar nan tukuna." Shekara biyu tana fakewa da wannan maganar. To ga jarrabawa ta ƙaraso, mafaka ta ƙare.

Shi kuwa Hamidou mutumin Maraɗi ne, direban bas ɗin birni, yana zaune a hawan da ke saman na Gwaggo a nan unguwar Parkchester. Tun zuwanta na bara suka haɗu a bakin lif yana taya Gwaggo ɗaukar kayan cefane, kuma tun daga nan wayarta ba ta ƙara hutawa ba. Tana son sa. Tana son sa irin son da ke sa mace ta ji muryar mutum a waya ta nemi gajiyar aiki ta rasa.

Yadda aka yi ya zama malaminta kuwa, aikin Gwaggo ne. Ranar da Baffa ya zo dubiya daga unguwarsa ta Tompkinsville, can tsallaken ruwa, yana faɗan yarinya ba ta karatu, tsohuwar ta ce, "Ga Hamidu nan a sama, bara ya ci tasa jarrabawar ta zama ɗan ƙasa. Turawa ai duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, abin da aka tambaye shi shi za a tambaye ta." Baffa yana sauri kada jirgin ruwa ya tashi ya bar shi, ya ce to a yi hakan. Jarrabawar Amurka da ta Ingila kuwa ba abin da ya haɗa su, kamar tuwo da shayi. Hamidou bai gyara wa kowa ba. Ya je ya sayi littafin Ingilan, yana karanta shi a tashar ƙarshe duk sanda ya sauke fasinja, har ya san sarakunansu fiye da yadda ya san na Katsina.

Gwaggo ta jawo sandarta ta asibiti ta miƙe da ƙyar.

"Bari in ja ƙafar nan in yi la'asar. Malam, idan ta ƙara ce maka zoɓo, ga muciya can a kicin."

Ta shige ɗaki, ta bar ƙofar a ɗan buɗe kamar yadda ta saba.

Hamidou ya rufe littafin a hankali.

"Sa'adiya, mi ke faruwa?"

"Ba komai. Kaina ne ba ya ɗauka yau."

"Kanki lahiya lau yake. Dube ni."

Ba ta dube shi ba. Ta kama gefen mayafinta tana murzawa.

"Gwaji kike, ko? Kina koyon yadda za ki faɗi."

Sai hawayen suka ɓalle. Ta sa mayafi ta toshe bakinta don kada Gwaggo ta ji.

"To ya kake so in yi, Hamidou? Ranar da na ci jarrabawar nan, ranar za a sa mini rana da Yaya Rufa'i. Baffa ya faɗa, Umma ta faɗa. Idan na faɗi, zan ce sai na sake. Idan na sake, in ƙara faɗuwa. Ko wata uku na samu ai wani abu ne."

"Bayan wata ukun fa?"

"Allah zai kawo mafita."

"Bon, to. Takardunki su ƙare, su ce ki bar musu ƙasarsu, shi ne mafitar? Shekara biyar kina tsaye kan marasa lahiya, sanyi ya ci ƙashinki, salla ƙarama da babba kina asibiti. Duk ki zubar saboda ni?"

"E, saboda kai! Laifi ne?"

"Laihi ne babba. Ni ba zan so mace in fara da rusa mata abin da ta gina ba."

Ta ɗago jajayen idanunta. Haushinsa ya kama ta, haushin mutumin da kake kuka dominsa shi kuma yana maka lissafin hankali.

"Wato ba ka damu ba ke nan. Shi ya sa kake ta ɗura mini sarakuna da majalisa kamar mai shirya ni gidan miji. Kullum sai ka zo da sababbin tambayoyi. Kai ne ma ka fi Baffa son in ci! Ko ka gaji da ni ne, ka faɗa mini in sani?"

Hamidou ya sauke kai. Ya shafa bangon littafin da babban yatsansa. Duk gefen shafukan sun yi baƙi saboda juyawa, ga tabon kofi a kusurwa.

"Kina tsammani don ke kaɗai nike karanta wanga littahi?"

"Don wa kuma?"

"Don kaina. Wata rana ni ma zan zauna wagga jarrabawa."

Kukan ya tsaya mata cak.

"Ban gane ba."

"Aikinki can yake. In Allah ya yi aka ba ni ke, ba zan ce ki baro shi ki zo nan ki fara daga ƙasa ba. Ni zan tahi. Na yi tambaya, na san hanyar da ake bi, tana da tsawo amma ana bin ta. Bas kuwa akwai ta a Birmingham. Sai dai su ta hannun hagu suke tuƙi, Allah ya shirye su, wannan ma zan koya."

"Hamidou, shekara nawa ka yi kana wahala a garin nan kafin ka samu zama? Sai da ka samu za ka tashi?"

"Na samu, na gode Allah, na sa a aljihu. Zama wuri ba ke ba, mi zan yi da shi?"

Dariya da kuka suka haɗe mata wuri ɗaya, har ta rasa wanne za ta fara. Wani irin tausayinsa da ƙaunarsa suka cika mata ƙirji. Ta hasko shi zaune a bas shi kaɗai a ƙarshen layi, yana haddace sunayen matan wani sarki da ya mutu tun ba a haifi kowa ba, ashe hanyar zuwa wurinta yake haddacewa.

"Kai wallahi mahaukaci ne," ta ce tana share ido.

"Na yarda. Amma jarrabawa ba ita ce matsalarmu ba, Sa'adiya, kin sani. Kawuna shina nan titin 125th, shagon turarensa kin san shi. Sau nawa na ce in turo shi wurin Alhaji Baffanki ki ce in dakata?"

Ta sunkuyar da kai. Nan ne gaskiyar take, kuma tana da ɗaci.

"Ba zan iya kallon idon Baffa ba. Mutumin nan ko 'ya'yansa bai yi wa abin da ya yi mini ba. Yaya Rufa'i kuma bai taɓa ɓata mini ba, shi ya tarbe ni a filin jirgi ranar da na fara sauka Ingila, shi ya nemo mini ɗaki. Da mugu ne da na ji sauƙi. In ce musu me?"

"Ki ce musu gaskiya."

"Da wane bakin?"

"Da wanda kika ce zoɓo da shi."

Muryar Gwaggo ce. Tana tsaye a bakin ƙofa, dafe da sanda, hijabin salla har ƙasa. Sa'adiya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Hamidou ya miƙe zumbur, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

"Zauna, Hamidu, kada ka fasa mini fitila." Ta lallaɓo ta zauna tana nishi. "Ku yaran zamani kun ɗauka tsufa hauka ne. Shekarata ashirin da biyu a garin nan, ni ce ban san Ingila daban Amurka daban ba? Ni da na zauna gaban Baturiya na amsa nawa tambayoyin da ƙafata lafiyayya?"

"Gwaggo, dama kin sani?" in ji Sa'adiya.

"Yaron da kullum in na zuba masa dambu sai ya ce ya ƙoshi, in aka kai masa sama ya dawo da kwano kamar an wanke? Wane malami ne yake jin kunyar cin abinci a gaban tsohuwa? Tun ranar farko na san kunyar surukai ce."

Hamidou ya dafe ƙeya yana kallon kafet.

"Na ba ku wuri ku ga juna a gabana, cikin mutunci, don ban yarda da zancen lungu ba. Amma ki ji da kyau, Halimatu. Ni ba ni nake ba da aure ba. Hambali ƙanina ne, na goya shi, in ta kama in ja masa kunne zan ja. Sai dai ba zan yi faɗa a kan maganar da mai ita ba ta furta ba. In kika yi shiru, da hannuna zan sa miki lalle in kai ki gidan Rufa'i."

Kafin Sa'adiya ta sami abin cewa, ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara.

Ta goge fuskarta da sauri ta je ta buɗe. Baffa Hambali ne, da babbar riga da kwat ɗin sanyi a kai, fuskarsa fal fara'a. A bayansa kuma, riƙe da ƙaramin akwati da leda, Rufa'i ne yake mata murmushi.

Ta matsa gefe ta ba su hanya.

"Surprise," in ji Rufa'i a hankali, irin maganarsa ta marar hayaniya. "Na samu 'yan kwanaki a ofis, na ce bari in zo in duba Gwaggo, sai mu koma tare. Yaya shirin test ɗin? Idonki ya yi ja, kina over-reading ko?"

"Sannu da zuwa, Yaya," kawai ta iya cewa.

Aka zazzauna, aka gaisa. Rufa'i ya durƙusa ya gaida Gwaggo, ya ajiye mata ledar ganyen shayi da biskit da safar sanyi. Ya miƙa wa Hamidou hannu biyu, ya ce ya ji labarin ƙoƙarin da yake yi, Allah ya saka. Hamidou ya amsa da amin. Sa'adiya ta kawo ruwa da lemo, ta koma can kujerar gefe ta takure.

Baffa ya kurɓi ruwa ya gyara murya.

"Yaya Indo, alhamdu lillahi, abin da muka daɗe muna jira ya zo. Ɗazu a jirgin ruwa na yi waya da mahaifiyarta. Mun ga ba amfanin a yi ta ja. Jarrabawa dai kamar an ci ta ne, tunda ga malami ya tsaya. Saboda haka mun tsayar da hutun ƙarshen shekara, a Kano, in Allah ya kai mu. Yanzu haka 'yan'uwa suna can gidanta suna jiran in kira in ce an yi fatiha."

Gwaggo ta gyara zama. Carbinta kawai take ja, idonta a kan Sa'adiya.

Sa'adiya ta kawar da kai, ta kama murza gefen mayafinta.

Baffa ya juya wurin Hamidou cikin sakin fuska.

"Malam Hamidu, Allah ne ya sa kana nan. Kai ka koyar da ita, kana da haƙƙi a kanta. Kai za ka buɗe mana da addu'a. Sa wa yaran nan albarka, Allah ya ba su zaman lafiya."

Ya ɗaga hannuwansa. Rufa'i ma ya ɗaga nasa, yana sunkuyar da kai cikin jin kunya da jin daɗi.

Hannun Hamidou bai tashi ba.

Ya ɗauke littafin daga cinyarsa ya ajiye a kan tebur. Sannan ya zame daga kan kujerar a hankali, ya sauko ƙasa, ya durƙusa a kan kafet a gaban Baffa, ya sunkuyar da kai har haɓarsa tana taɓa ƙirji. Malami yana zama a kujera kafaɗa da kafaɗa da mai gida. Wanda yake sauka ƙasa irin wannan saukar, kowane Bahaushe ya san abin da ya zo nema.

"Baba, a gafarce ni," ya ce. "Ba zan iya wagga addu'a ba."



Fara'ar Baffa ta zube gaba ɗaya. Ya sauke hannuwansa a kan gwiwa, ya daɗe yana kallon ƙeyar saurayin.

"Tun yaushe na zama babanka?"

"Na yi kuskure da ban turo manyana tun farko ba. Laihina ne, ba nata ba. Ina neman izini in turo su."

"A gidan yayata? Da sunan karatu?" Ya waiwaya. "Yaya Indo, da saninki?"

"Ni gwiwa ce take mini ciwo, Hambali, idona ƙalau yake."

Baffa ya ja dogon numfashi. Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi tsawa ban tsoro.

"Halimatu, tashi ki shiga ciki. Wannan maganar maza ce, yanzu za a gama ta."

Ta miƙe. Ga ƙofar ɗaki nan kusa, a buɗe. In ta shiga, ba sai ta kalli idon kowa ba. Za a sallami Hamidou cikin mutunci, za a yi fatiha, ta ci jarrabawarta, kowa ya ce 'yar halak ce. Ta dubi Baffa, mutumin da ya ɗauke ta a kafaɗa ranar jana'izar babanta. Ta dubi Rufa'i, wanda har yanzu bai gama sauke hannuwansa ba, yana kallonta kamar mai roƙon ta ce wasa ne. Tausayinsu ya kama ta har cikin ƙashi.

Ta taka, ta wuce ƙofar ɗakin, ta zagayo tebur. Ta durƙusa a kan kafet, ɗan nesa kaɗan da Hamidou, ta sunkuyar da kai kamar yadda ya yi.

"Halimatu!" in ji Baffa. "Kin san abin da kike yi?"

"Na sani, Baffa." Hawaye suna ɗiga a bayan hannunta, amma muryar ta fita. "Ka yafe mini. Yaya Rufa'i, ka yafe mini, da tuni ya kamata in faɗa. Ba jarrabawa ce ta hana ni ba. Shi nake so."

Rufa'i ya tashi ya je ya tsaya a bakin taga ya juya musu baya.

Baffa ya sa hannu a aljihu ya ciro waya. Ya danna, ya buɗe muryar yadda kowa zai ji, ya miƙo ta saitin fuskarta.

"To. Ni na ji. Sai ki maimaita wa uwarki."

Ƙara ɗaya aka ɗauka. Hayaniyar mata ta cika falon, da ƙarar kwanuka, da dariyar yara.

"Alhaji, an yi? An shafa?" Muryar Umma ce, cike da murna. Ba ta ma jira amsa ba ta ce da na kusa da ita, "Ga shi ya kira!" Nan take wata ta rangaɗa guɗa, wata ta karɓa.

Sa'adiya ta sa hannu biyu ta karɓi wayar.

"Umma, ni ce Sa'adiya," ta ce. "Don Allah ki ce su tsaya da guɗar nan tukuna."